Hannun Inna Salima a Kan Ƙunar Lurwanu

Ƙunar da tafasasshen kunu ya yi wa Lurwanu a damtse ta warke, amma sabuwar fatar ja ce, sirara kamar bayan albasa. Majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitar Gangara, ya ba uwarsa Raliya gwangwanin man shafawa, ya ja mata kunne: a ɗora a hankali, kada a murza, sai fatar ta yi ƙwari.

Sai dai Lurwanu ɗan fari ne. Raliya ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane. Wankansa da shafarsa duk na kakarsa ne, Inna Salima, uwar mijinta. Ita kuwa Inna, duk jaririn gidan nan ya san hannunta. In ta kama yaro da mai sai ya yi sheƙi, yana tsala ihu tana yi masa waƙa.

Raliya ta aika saƙon majo ta bakin ƙanwar mijinta. Amsa ta dawo da zafinta.

"Mi majo ya sani? Man da ba a murza ba, riga ka shanye shi. Ƴaƴa tara na raina da hannun ga."

Da hantsi Inna ta ɗora yaron a cinya, ta lakato mai. Raliya na bakin turmi da taɓarya, ga matan gida suna tsince wake. Inna ta fara daga ƙafa, ta hau ciki, ta kai kafaɗa. Dakan Raliya ya rikice. Tafin Inna duk ya yi kanta, Raliya ta san kaushinsa.

Babban yatsan Inna ya sauka kan jar fatar, ya danna. Yaron ya ƙame.

Raliya ba ta san ta yar da taɓarya ba, sai ganin hannunta ta yi riƙe da wuyan hannun surukarta.

"Inna, ki yi mani rai. Lurwanu bai warke ba."

Matan gida suka ɗago kai. Ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. Kunya ta rufe ta, amma ba ta saki ba.

Inna ta ɗaga yatsanta. Fatar ta ɗan saluɓe, jini ya taru kamar ƙwayar gero. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya tafinta ta kalla.

Ta tura gwangwanin gaban Raliya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Amshi ɗanki. Gwada mani yadda aka ce."