Hannun da Ke Bayan Labule

Saura kaɗan ta fasa rubutawa. Sau uku tana yaga takardar, ta huɗun ce yanzu a hannunta, gumi ya jiƙa gefenta, ita kuma ta yi tsaye gaban teburin Malama tana kallon kwanduna biyu.

Ajin manyan mata ne, duk Talata da yamma, a wani ɗaki na bayan laburare. Su goma sha huɗu ne, duka karatu ya kuɓuce musu tun suna yara. Shiru-shiru suke kiranta, don wata uku ke nan ba wadda ta taɓa jin ta haɗa jimla biyu a jere.

Makon jiya Malama ta yi musu bayanin kwandunan.

"Jan na ƙagaggen labari ne. A nan an ba ki izinin ƙarya, ki kashe wanda kika ga dama, ba ɗan sandan da zai zo. Ba sai kin sa suna ba. Shuɗin na labarin rayuwa ne, abin da ya same ki ke da kanki, babu ƙari. Shi dole ki sa sunanki. Kalma ɗari, kada ta wuce. Waɗanda suka fi kyau za mu liƙa a allon bakin ƙofa."

Allon nan shi ya hana ta sukuni. Yana kallon titi, a titin kuma shagon babanta yake, shagon gyaran agogo. Duk wanda ya taɓa kawo musu aiki ta gaban allon yake wucewa.

"Shiru-shiru, jefa mana, ai ba ƙuri'a ba ce," in ji Anti Mai Kitso daga bayanta. Shagonta yana tsallaken nasu, kuma magana ba ta kwana a bakinta.

Ta runtse ido ta jefa a ja.

Malama ta fara da jan kwandon. An karanta labarin aljani mai tuƙa tasi, aka yi ta dariya. Sai ta ga Malama ta zaro takarda mai jiƙaƙƙen gefe. Tata ce.

"Wata yarinya tana aji huɗu idon babanta ya fara dusashewa. Mai gyaran agogo ne. Ran nan wani ɗan mitsitsin noti ya faɗi, ya yi ta lalube, ta tsinto masa. Sai ya kama hannunta ya ɗora kan agogon wani likita, yana faɗa tana yi. Agogo ya tashi. Ba ta sake komawa makaranta ba. Shekara goma sha ɗaya yanzu, shi ke karɓar aiki a gaba da gilashi a ido, ita ke gyarawa a bayan labule. Mutane suna cewa hannunsa bai tsufa ba. In ta ji sai ta ji daɗi, sai kuma abin ya yi mata ciwo."

Malama ta sauke takardar. Anti Mai Kitso ce ta fara tafi.

"Mai gyaran agogo ɗaya na sani a titin nan! Shiru-shiru, ke ce? Ki ji tsoron Allah, yarinya, ki makantar da tsohonki saboda maki? Mutumin da ko ƙwayar gishiri ta faɗi sai ya gani!"

Dariya ta ɓarke. Ita kam ta kafa ido kan ƙafafunta.

"An ba ta izini, Anti," in ji Malama. Ta juyo gare ta. "Rubutun ya yi kyau ƙwarai. Amma ga inda ƙagaggen labari yake da wuya: sai mai karatu ya yarda da shi. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya gano? Ni ban yarda ba. Uban kuma kin bar shi ba zuciya, ya cire 'yarsa daga makaranta ko gezau. Da a shuɗin kwando na same shi, ba ni da ta cewa, don abin da ya faru ya riga ya faru, ko mu yarda ko kada mu yarda. Ungo, ki gyaro."

"Uban nan ai azzalumi ne," wata ta ce daga baya.

Ta so ta ce ba haka ba ne. Sai kawai ta ninke takardar ta miƙe.

A bakin ƙofa Anti Mai Kitso ta dafa kafaɗarta. "Gobe da safe zan kawo agogon maigidana, ya tsaya tun Juma'a. Sai na ba Baba labarin abin da autarsa ta yi masa. Wallahi sai ya yi dariya har da hawaye."

Tafiyar minti biyar ce zuwa shago, ta yi ta kamar mai ɗauke da tulu a ka. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Ta tarar da shi yana tattara kaya yadda ya saba, yatsunsa suna bin gefen tebur: hantsaki a dama, ƙananan sukudireba a hagu, gilashin ido ɗaya rataye a wuyansa. Agogunan bango bakwai suna ta bugawa, kowanne da nasa sautin.

"Mamana, takunki ya yi nauyi yau. An yi miki faɗa a makaranta?"

"A'a, Baba."

"To me?"

Ta ja ƙyauren ta tura rabi. Gara ya ji a bakinta. Ta faɗa masa zancen kwandunan da zancen Anti, sannan ta buɗe takardar ta karanta.  Da ta gama, sai ya yi ta juya hantsaki a hannu. Ta jira tsawa. Bai taɓa yi mata ba, amma ta jira.

"Ba na likita ba ne," ya ce.

"Na'am?"

"Agogon farko. Na direban motar asibiti ne, mai fasasshen gilashi. Likitan sai bayan sati biyu ya zo." Ya ajiye hantsakin. "A wane kwando kika saka?"

"A ja."

"Wato na ƙarya."

"I."

"Ƙarya ce?"

"A'a, Baba. Amma in aka liƙa da sunana, za su daina kawo aiki. Za su ce mun yaudare su."

"Wataƙila su daina." Ya ɗaga fuskarsa wajen da muryarta take, idanun sun ɗan kauce mata kamar kullum. "Me suka ce game da uban?"

Ta shiga ninke takardar.

"Faɗa mini."

"Wai ba shi da zuciya."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Don kin bar wani abu ne. Ranar da ƙawayenki suka biyo miki da safe da jakunkunansu, kika shige bayan labulen nan, na ce musu ba kya nan. Ina jin kukanki. Har azahar ban iya riƙe komai ba, na rufe shago na ce zazzaɓi nake yi. Kin manta?"

Ba ta manta da kukan ba. Zazzaɓin ne ba ta taɓa sanin na ƙarya ba ne.

"Kalma ɗari ce kawai, Baba."

"To cire likitan mana, ya cika wuri." Ya laluba makulli a aljihu. "Ni dai ba na ganin allo. Malamarku ta ce shuɗin na labarin rayuwarki ne, ko? Ja ƙofar mu tafi."

Washegari bayan ta idar da salla ta sake kwafe labarin a sabuwar takarda. Ta cire likita ta sa direba, ta sa ƙawayen da zazzaɓin, duk inda ta ce yarinya ta mayar da kanta. Ta ƙirga da yatsa har sau uku, casa'in da takwas. Ta rubuta sunanta a ƙasa.

Mai shara ce kawai a laburaren. Kwandunan suna kan teburin Malama. Ta tsaya gabansu har matar ta tambaye ta ko lafiya, sannan ta saka a shuɗin ta fito da sauri, kada ta canza shawara.

Daga nesa ta hango Anti Mai Kitso a bakin shago, agogo a hannu, ta riga ta fara: "Baba, ba ka ji abin da 'yarka ta..."

Ta shiga ta gefen teburin. Labulen yana nan a damanta, taku ɗaya. Ba ta ɗaga shi ba. Ta jawo kujerarta ta ajiye kusa da ta babanta, ta miƙa hannu.

"Kawo in gani, Anti."