Akori-kurar Malam Jabbi

"Sassauta sarƙar, Sila. A hankali, kada ka karya man ita."

Malam Jabbi na durƙushe a gaban motar, hannu ɗaya a kan injin da ke reto, ɗayan dafe da ƙirjinsa. Ni kuma ina riƙe da sarƙar da muka rataya a reshen dogon yaro, ina saki kaɗan-kaɗan. Ni kafinta ne, ban san kan inji ba, amma da yake shagona na manne da garejinsa a unguwar Gidan Igwai, duk aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ni yake kira. Sunana Silas. Shi kaɗai ke ce mini Sila.

Injin ya sauka a mazauninsa. Malam Jabbi ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya yana mayar da numfashi.

"Malam, ka huta haka nan," na ce.

"Ina hutawa. Wanga zaman mi na, in ba hutu ba?"

Duk Sakkwato, wanda ke da tsohuwar akori-kura ya san ƙofar Malam Jabbi. Masu ɗaukar albasa daga Gada da masu hatsi daga Illela nan suke kawo motocinsu. Sababbin motocin nan da ake jona wa kwamfuta ba ya taɓa su. Nasa tsofaffin Fijo ne, waɗanda kowa ya yanke ƙauna a kansu. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, can sai ya faɗi abin da ke ciwo.

Wannan motar kuwa ba ta kowa ba ce, tasa ce. A wajen 'yan gwangwan ya gano ta, Fijo 404 ba gilashi, ba kujera, tsatsa ta cinye ƙasan bodin har mutum na hango ƙasa. Ranar da aka jawo ta unguwa, 'yan kabu-kabu da ke hutawa a gindin bishiyar suka yi ta dariya. Shi kuwa ya ɗauko kayan aikinsa ya shiga duba ta.

Ni na san dalilin da ya sa ya kawo ta. A daminar da ta wuce, Sadiyatu, 'yar ƙanwarsa Rahama, ta kama naƙuda a ƙauyensu, Tungar Mande. Haihuwar ta zo da gardama. Ƙauyen ba mota, hanyar kuma laka ce da kwazazzabai, ƙananan motoci ba sa shiga. Aka ɗora ta a amalanken shanu. Ba ta iso bakin kwalta da rai ba. Da Malam Jabbi ya dawo daga gaisuwa, ya shigo shagona ya zauna a kan benci.

"Sila, tun ina saurayi nike tada motocin mutane," ya ce. "Ɗiyar ƙanwata ta cika bisa amalanke."

Tun daga nan ya daina karɓar manyan ayyuka. Ya wargaza injin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, ya jera su a kan buhu. Abin da ba a samu a kasuwa ba, ya sa aka fiƙe masa. Ya ƙara wa sifirin baya ƙarfe don motar ta ɗaga daga ƙasa, ya sa mata lagireto mai sanyaya inji mafi girma saboda zafin garinmu, ya yi waldar sanduna a baya inda za a ɗaura tamfol. Ni kuma ya ba ni aikin katako: daɓen baya, da gado mai faɗin mutum ɗaya, da ɗan benci a gefe na mai rakiya.

Ban taɓa yi wa mutum mai tsanani irinsa aiki ba. Ya bi gadon da tafin hannu yana laluben kan ƙusa. Ya yanka tsohuwar taya ya sa a ƙarƙashin ƙafafun gadon. Sannan ya hau ya kwanta, ya ce da ni da babban ɗansa Saifullah mu girgiza motar.

"Ku ƙara. Hanyar Tunga ta hi haka."

Muka girgiza har gumi ya jiƙa mu. Ya sauko da kyar, ya ce a ƙara roba a wajen kai.

A lokacin ƙafafunsa sun fara kumbura, silifas ma ba ya shiga sai ya yanka madaurin. Likita ya ce zuciya ce, ya hana shi ɗaga nauyi. Matarsa Maimuna kullum sai ta leƙo daga zaure da kwanon kunu.

"Baban Joy, ka yi mai magana," takan ce da ni, da sunan 'yata take kira na. "Ni ba shi jin tawa."

"Ina yi, Maimuna. Ni ma ba ya ji."

"Ina jin ku duka," yakan amsa daga ƙarƙashin mota. "Miƙo man sifana sha uku."

Da aka yi mata fenti, ruwan ƙasa mai haske irin nata na asali, 'yan kabu-kabu suka daina dariya. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hotonta da waya. Ta haka labarinta ya kai ga wani Alhaji daga Abuja mai tara tsofaffin motoci. Ya zo da kansa, ya zagaya ta, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya saurari ƙarar rufewarta. Mutum ne mai ladabi, ya kuma san abin da yake kallo. Ya yi tayi mai tsoka. Malam Jabbi ya yi masa godiya, ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce motar tana da masu ita.

Bayan tafiyarsa Saifullah ya durƙusa a gaban mahaifinsa. Direban babbar mota ne, mai 'ya'ya uku, ba mai yawan magana ba, amma ranar ya fito da abin da ke ransa.

"Baba, likita ya ce akwai aikin da za a iya yi maka a Kano. Wagga mota ita ta hanyar. Ka sayar, in ka samu lahiya sai mu tada wata."

"In na samu lahiya," Malam Jabbi ya maimaita. Ya dubi kumburarrun ƙafafunsa. "Saifullahi, na san inji in ya gaji. Wani a sake mai ringi ya tashi, wani ko ka sake mai komi, kwana kaɗan na. Ni na ji nawa."

"Ba kai ka da sanin wanga ba, Baba. Allah na."

"Gaskiyarka. Amma damina ta kusa, kuma akwai masu ciki a Tunga. Su kam na san da su."

Saifullah ya tashi ya fita. Ni kaina, in faɗi gaskiya, ina bayan Saifullah. Na gaya wa Malam Jabbi haka. Ya yi murmushi, ya ce in je in auno katifa.

Wata ranar Laraba da hantsi aka tada ta. Saifullah ne ya zauna a sitiyari, don har lokacin, duk da fushinsa, bai daina zuwa taya mahaifinsa ba. Ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. Sai ta kama, ta fitar da hayaƙi, ta daidaita. Mai shayin tsallaken titi ya bar tukunyarsa ya taho kallo.

Muka ɗaga Malam Jabbi muka sa shi a gaba, ni na hau bencin baya. Muka bi ta Ƙofar Rini, muka ratsa wajen Hubbare inda baƙi masu ziyara suka riƙa waiwayen mu, muka fita bayan gari inda kwalta ta ƙare. Saifullah ya saka ta cikin yashi da ramuka, ta haye ba gardama. Ta ɗan gilashin baya ina hango Malam Jabbi, kansa a karkace, idonsa a lumshe, yana saurare.

Da muka dawo bai yi gaggawar sauka ba.

"Ta yi," ya ce. "Sai dai tana shan mai hiye da ƙima. Kabireto na son a ɗan matse shi. Bari in yi salla in dawo."

Ya yi Azahar a zaune a cikin zaure. Maimuna ta ce ya nemi ruwa ya sha, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Ina shagona ina goge katako sai na ji salatinta, ba da ƙarfi ba. Na ajiye abin da ke hannuna.

Kafin La'asar unguwa ta cika. Direbobi da masu albasa da ban taɓa gani ba suka yi ta isowa, tsofaffin akori-kura suka jeru tun daga garejin har bakin titi. Da aka tsayar da sahu, da yake ni Kirista ne, na koma gefe na cire hulata. Da aka ɗauki makara na bi su har maƙabarta, kuma babu wanda ya hana ni zuba ƙasa da hannuna.

Alhajin Abuja ya zo gaisuwa cikin kwanakin zaman makoki. Bai ta da maganar mota ba sai da zai tafi, ya ce da Saifullah tayinsa na nan, ko don iyalin da aka bari. Saifullah ya ce ya gode, zai yi shawara. Na san gidan ba wadata, don haka na bar masa shawararsa.

Bayan an watse da zaman, wata safiya na iske shi a gaban motar, ya buɗe bonet, sukudireban mahaifinsa a hannu. Injin na aiki. Ya matse, ya saurara, ya sassauta, ya sake matsewa.

"Baba Silas, saurara ka ji. Ta daidaita?"

"Ni katako na sani, Saifullah."

"Ni ma ban da kunnenshi," ya ce. Ya rufe bonet. "Inna ta ce a kai ta Tunga kahin ruwa ya sauka. Za ka raka ni?"

Muka kama hanya hadari na haɗuwa ta gabas. Mun isa Tungar Mande da rana tsaka, yara na bin mu a guje. Saifullah ya tsaya a ƙofar gidan mai gari, ya miƙa makulli, ya nuna wa saurayin da mutanen ƙauyen suka zaɓa ya zama direba inda ake duba ruwa da baƙin mai. Maza suka kewaye gaban motar suna tambayoyi.

Ni ina baya ina ɗaure igiyar tamfol sai ga wata tsohuwa ta fito daga wani gida, lulluɓe da zane. Ko ba a faɗa ba na gane Rahama ce, goshinsu ɗaya da Malam Jabbi. Ta tsaya tana kallon cikin motar.

"Yaya na ya yi wanga?" ta tambaye ni.

"Shi ne. Gadon kawai na buga, shi ma yadda ya ce."

"Kama man in hau."

Na riƙe mata hannu ta taka ta shiga. Ta zauna a kan bencin mai rakiya, ta gyara zanenta. Ta daɗe tana duban gadon. Sannan ta miƙa hannu ta shafa katifar daga wajen kai zuwa ƙafa, ta miƙar da wani ɗan lanƙwasa da ke jikin shimfiɗar. Iskar hadari ta fara kaɗa gefen tamfol, ita kuwa tana zaune, tafin hannunta a kan katifar.