Gyalen Lorene da Jar Mota

Ranar da za a zo ɗaukar motar, Orval Dietrich ya tashi da tsumman goge-goge a hannu kamar yau ma gasar motoci za a tafi. 'Yarsa Marcy ce ta sa ta a kasuwa, kuma ba mugunta ba ce. Idon tsoho ya yi rauni har an karɓe masa lasin, gidan kula da tsofaffin da za su koma shi da matarsa Lorene kuwa ko wurin ajiye keke babu.

Mota kam ta amsa sunanta. Corvette ce ta shekarun sittin, ja wur, mai rufin da ake naɗewa baya. A rumbun wani manomi Orval ya tsinto ta, kaji na ƙwai a kan kujerarta, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gareji yana mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, har kan ƙaramin noti. Tun ranar da ya jawo ta gida ya yi wa Lorene alkawari: duk ran da motar ta tashi zai naɗe rufin, ya kai ta bakin tafkin Michigan su sha iska. Baiwar Allah ta je ta sayo shuɗin gyale na ɗaure gashi, ta ninke ta adana.

To, ga inda gizo ke saƙar. Masu gasar tsofaffin motoci ba sa hawa motar da suka gyara, wannan ita ce taɓararsu. Alƙalai da madubi suke leƙa ƙarƙashinta, ɗigon taɓo ɗaya ya isa a zabge maka maki. A rufaffiyar tirela ake kai ta fili, a sauke ta kan ciyawa, gardawa su kewaye ta suna gyaɗa kai. Orval ya ci kofi, ya sake ci, abu ya shiga jininsa. Duk shekara idan zafi ya shigo Lorene ta tada maganar tafki, sai ya ce ta bari a wuce gasa mai zuwa. Ita kuma ta ce masa wallahi bencin coci ya fi motar nan yawo. Ana nan ana gobe-jibi, shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, magana ta ɗauke, ta koma keken guragu.

Mai sayen, wani Haskell daga Arizona, ya iso da hantsi da tirelarsa, sanye da farar safar hannu. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya tashi yana ta yabo. Ya ce abin da ya fi burge shi, tun da aka gyara ta tayarta ba ta taɓa taka kwalta ba. Orval ya ji maganar nan kamar mari. Ya dubi baranda inda Lorene ke zaune, gyalen a kan cinyarta, don da safe ta yi ta nuna wa Marcy durowa har sai da aka ciro mata shi.

Ya haɗiye girman kai, abin da bai saba ba.

"Ɗana, ara mini ita na ɗan lokaci. Tafkin nan ba nisa. Marcy ce za ta tuƙa."

Haskell ya sosa ƙeya. "Dattijo, ko na yarda, da me za ta tashi? Ba kai ka ce mini ka tsiyaye man, ka cire batir ba?"

Haka ne. Da hannunsa ya yi, shekarun baya, don kada tanki ya yi tsatsa. Ko a nemo mai yanzu, sai makaniki ya yi kwanaki a kanta, tirela kuma yau za ta kama hanya. Orval ya tsaya da tsummansa, ya rasa wanda zai zarga.

Marcy ba ta nemi izinin kowa ba. Ta turo keken uwar, ta ciccibe ta ta zaunar a kujerar gaba, ta ɗaura mata gyalen.

"Baba, shiga ka kama sitiyari."

Orval ya shiga, Haskell ya zo ya sa hannu. Shi da Marcy suka tura, motar ta gangaro a hankali daga ƙofar gareji, ba ƙara, ba iska ko ta kaɗa ganye. Amma Lorene ta ɗaga hannunta mai lafiya ta danne gyalen a ka, kamar ana sheƙa gudu, ɓarin bakinta yana murmushi.

A bakin titi taya ta daki matakalar tirela, mota ta tsaya. Lorene ta juyo ta dube shi, tana jiran ya ci gaba. Orval ya ƙanƙame sitiyari, Marcy kuma ta koma ɗauko keken.