Gayyar da Aka Yi Mini a Mabai

Shekara tara ina koyarwa a sashen aikin gona na jami'a, kuma har yau Malam Muttaka nake, ba Dakta ba. Yaran da na koya wa riƙe ma'auni sun dawo da digirin dakta daga waje, yanzu su ke sa hannu a takardar hutuna. A bana aka aiko mini da wasiƙa: ko in miƙa kundina kafin ƙarshen shekara, ko a soke rajistata.

Binciken nawa a kan dawa ne. Iri goma sha biyu na shuka a gonar ƙanen mahaifina, Baba Mani, a Mabai, kowane iri a nasa ɗan fili, da turke mai lamba, don a gano wanda muguwar ciyawar nan ƙuduji ba ta kashewa. Ƙa'ida ita ce damina uku a jere. Biyu suna hannuna. Ta uku ta yi kyau har na fara raina mutane a zuciyata. Abin da ya rage kawai in je in yanke kowane fili daban, in auna daban.

Sai ga baƙi masu tantance kwasa-kwasai. Shugaban sashe ya ce babu mai motsawa. Na roƙe shi kwana biyu kacal, ya ce, "Dawa tana da ƙafa ne da za ta gudu?" Mako biyu na yi sanye da farar riga ina tsaye kusa da injin da muka aro daga wani sashe, ina yi wa baƙi murmushi.

Ranar da suka tafi na kama hanyar Kankara, daga can na hau babur. Tun daga nesa na hango gonar fayau, sai karan dawa a kwance. Turakuna kuwa an tattara su a gindin tsamiya, an ɗaure da igiya tsaf don kada su ɓata.

Baba Mani ya tarbe ni yana dariya har da tafi.

"Ɗana, mun hutasshe ka! Munka ji mutanen daji sun sa wa amfani wuta wajen Faskari, na ce wagga wahala ta Muttaka ba ta ƙonewa ina raye. Na kira gayya. Mutum ashirin da ukku sunka bar nasu aiki, yini guda munka gama."

"Baba, ina dawar?"

Ya ja ni sai bakin rumbu. An sussuke ta, an sheƙe, an zuba. Fara da ja da kaura, iri goma sha biyu, duk a ciki guda. Na zura hannu har gwiwar hannu na damƙo, kamar zan iya tambayar kowace ƙwaya daga wane fili ta fito.

"Ba a auna kowane fili daban ba?"

"Awo kuma na mi? Ai duk taka ce, ba wanda za ka raba da shi."

Wallahi na so in yi ihu. Amma wa zan yi wa? Tsohon da ya fita daji da lauje a lokacin da kowa ke tsoron fita, saboda ni? Haushin ya rasa inda zai sauka.

Na koma gefe na kira malamin da ke duba kundina. Ya saurara, ya ce, "Kana da sakamakon shekara biyu, ko? To, ka san yadda na ukun zai kama. Wa zai je Mabai ya duba?" Ya kashe waya.

Da la'asar Baba Mani ya sa babbar rigarsa ya ce in tashi. Wanda aka yi wa gayya ba ya barin gari sai ya bi gida-gida ya yi godiya. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofa na durƙusa na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci.

A gida na ƙarshe, wani dattijo, Malam Gide, wanda lauje ya yanke shi a ranar har yanzu yatsansa na ɗaure da tsumma, ya riƙe hannuna.

"To, yanzu aikin ya cika ke nan? Mu fara ce maka Dakta?"

Baba Mani ya zuba mini ido, fuskarsa cike da murna.

Na ce, "Ya cika, Baba. Ku fara."