Inshorar Baba Nicomedes

"Inshora biyu? Rai nawa gare ni?" in ji Baba Nicomedes.

"Ba iri ɗaya ba ce, Baba," 'yarsa Yorledis ta ce. "Waccan ta jana'iza ce. Wannan ta tafiya ce. In ka faɗi a jirgi fa?"

"In na faɗi a ɗaga ni. In na ƙi ɗaguwa, ai na biya."

"Wallahi taurin kanka ya fi na jaki."

"Wajen uwarki na koya."

Ina zaune a bakin ƙofarmu ina jin su. Bango ɗaya ya raba gidajenmu a nan Cartagena, kuma tun da na gama sakandare ba ni da aikin da ya wuce zama.

Baba Nicomedes ya ƙare ƙuruciyarsa a tashar ruwa yana ɗaure igiyoyin manyan jiragen yawon shaƙatawa. Bai taɓa taka ko ɗaya ba. Da ya tsufa ya tattara abin da ya ajiye ya sayi tikitin mako guda, zagayen tsibirai. Mai sayar da tikitin ta yi masa tayin inshorar tafiya, ya yi mata dariya.

A layinmu kowa yana biyan kamfanin jana'iza. Duk wata mai karɓa yakan zo a babur, ko ana ruwa. Mutum zai iya kwana da yunwa, amma ba ya tsallake wannan. Baba Nicomedes ya fara biya tun ba a haife ni ba: akwatin gawa, furanni, kujeru, gahawa, motar 'yan rakiya, da gurbin saka gawa a bangon makabarta kusa da matarsa Etelvina. A ganinsa duk abin da zai iya samun mutum ya riga ya saya.

Ranar tafiya ya fito da farar riga da malafa, yana ƙamshin turaren aski.

"Wilfrido, sarkin zama! Me zan kawo maka? Aiki?"

"Ka kawo kanka," na ce.

Kwanakin farko saƙon murya ya riƙa turowa. Yorledis takan kunna wa matan da take yi wa kitso a tsakar gida.

"'Yar nan, abinci nan ba a biya! Na tauna har muƙamuƙina ya gaji. Amma shinkafar kwakwarsu, Allah ya kyauta. Kuma yaran tashar nan ba su iya ɗauri ba, na leƙo daga sama na faɗa musu."

Daga nan shiru.

Wurin karin kumallo ya faɗi. Jirgin ya sauke shi a wani tsibiri da ba yarenmu suke yi ba, aka kai shi asibiti, jirgi ya wuce. Yorledis ba ta da fasfo. Ta waya ta ga fuskarsa sau ɗaya, baki a karkace, yana ƙoƙarin cewa wani abu. Ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da wayar ba ta gane ba. Yorledis ma ba ta gane ba. Bai kai ƙarshen mako ba ya rasu.

Mutumin kamfanin jana'iza ya zo da baƙar kwat a cikin zafin nan. Mai ladabi ne.

"Ko'ina a cikin ƙasar nan muna ɗauko mamaci, ko a tsakiyar daji ne," ya ce. "Amma ƙetare ba ya cikin tsarinmu."

"Shekara da shekaru yana ba ku!" in ji Yorledis.

"Haka ne, baiwar Allah. Bai taɓa latti ba."

Layi ya tashi tsaye. Mata suka dafa miyar kifi a babbar tukunya aka sayar. Abokansa na wasan domino suka sa akuya a caca. Ni ma na sayar da lasifikata. Abin da aka haɗa bai gama da asibitin ba, balle jirgin saman da zai dawo da gawar. Mutanen asibitin can suka ce akwai hanya mai sauƙi: a ƙona, a aiko da toka.

"Ubana ba shara ba ne," in ji Yorledis.

Ta yi kwanaki ba ta taɓa kan kowa ba. Sannan ta ce su binne shi can. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaya ko makabartar tana kallon teku. Ba su sani ba.

Kamfanin ya kawo sauran, wai haƙƙinsa ne. Da la'asar suka kafa rumfa a titi, suka jera fararen kujeru, suka kawo gahawa da furanni. Yaransu sun saba, sai suka shiga falo suka kafa ƙafafun ƙarfen da ake ɗora akwati, da dogayen kyandirori a kusurwoyi, suka tafi. Babu wanda ya ce su ɗauke.

Mutane suka cika. Abokansa suka zauna da domino a cinya ba su buɗe ba.

Can sai ga Iya Zoila, tsohuwar da ke jan addu'a a duk rasuwar layinmu. Ta shiga kicin ta ɗebo ruwa a kofin gilashi, wanda ake sa wa mamaci a ƙarƙashin akwati don kada ya tafi da ƙishi. Ta taho a hankali kada ya zube. Ta tsaya tsakanin kyandirorin, ta dubi tayil ɗin ƙasa, ta dube mu.

"A ƙarƙashin me zan ajiye?"