Gogen da Hasna Za Ta Girma Ta Cika

Malam Ƙasimu bai taɓa saya wa 'ya'yansa abu daidai jikinsu ba. Riga sai mai rara, takalmi sai an cusa takarda a baki. Don haka da makarantar 'yarsa Hasna ta ce mai son shiga wasan ranar Juma'a ya zo da gogen Turawa, sai ya je wani shagon kayan kiɗa a unguwar Brickfields ya zaɓo mafi girma a shagon.

"Za ta girma ta cika shi," in ji shi.

Hasna, mai shekara bakwai, ta sa gogen ƙarƙashin haɓa ta miƙa hannu, har da ɗage, amma yatsunta ko rabin wuyansa ba su kai ba.

"Abba, tak boleh, ba zai yiwu ba! Malama ta ce in tafina bai kama kan gogen ba, ba ni cikin wasan."

Matarsa Ruƙayyatu ta ce, "Abban Hasna, yau ina za mu cusa takardar? A hammatarta?"

Washegari suka koma. Mai shagon ya auna Hasna daga wuya zuwa tsakiyar tafi, ya canza mata ƙarami. Hannunta ya kama kan gogen cif, ta yi tsalle, wasan Juma'a ya tabbata.

Malam Ƙasimu ya juya gogen gaba da baya, ya rage murya.

"Ba kwa yi masa kalmasa ne, mu warware baɗi?"