Kwalabe Uku na Man Kifi

"Kama ta can ɓangaren, Direba, ƙafar nan dama rawa take yi."

Matar Baduku ce ke magana. Direba ya sunkuya ya kama bencin, suka shigar da shi daga bakin ƙofa zuwa ɗakin da marigayin ke ajiye kayan aiki. Shekara ashirin da wani abu bencin nan yana waje, Baduku a kai yana ɗinkin takalma, maƙwabcinsa Direba a gefe yana zuba masa labaran hanya, rabi gaskiya rabi ƙari. Shekaranjiya aka binne Baduku. Tun ranar loma ba ta wuce maƙogwaron Direba da daɗi ba, kuma ba kewar aboki kaɗai ke cin sa ba. Gani yake da hannunsa a mutuwar nan.

Da likitoci suka ce ciwon daji ne a tumbin Baduku, sai aka fara yi masa ƙarin ruwan magani, irin mai zubar da gashi, duk bayan sati uku. Direba ke kai shi a tsohuwar motarsa. Mutum ya zube, wando ma sai da igiya yake tsayawa. Ana cikin haka wani fasinja ya ce wa Direba ƙwayoyin man kifi suna riƙe jikin mai irin wannan ciwo. Bai yi wata-wata ba ya sayo kwalba guda a kantin magani, ya tura wa Baduku a ƙarƙashin benci kamar kayan sata.

"Biyu da safe, biyu da yamma. Kada ka gaya wa likita. Ka san su, duk abin da ba su suka rubuta ba guba ne."

"To, likitan tasha," in ji Baduku yana dariya.

Duk wata sai ya miƙo masa kwalba wayam, Direba ya kawo sabuwa. Har uku.

Rannan a asibiti, yana zaune yana jiran a cire wa Baduku ruwa, sai ya ji nas tana yi wa wata mata faɗa. "Man kifi? Wa ya ce ki ba shi? Akwai waɗanda yake taimaka wa, amma likita ne zai faɗa. Wasu masu bincike ma suna zargin yana rage ƙarfin maganin in aka sha kusa da ranar ƙarin ruwa." Direba ya tuna kwalabensa uku. A satin ne kuma likita ya ce maganin ya daina aiki, a koma gida a kula da shi. Bayan kwana tara, da hantsi, Baduku ya kurɓi ruwa, ya ce a buɗe masa taga, shi ke nan.

Yanzu ga benci ya shiga ɗaki, ga matar tana kakkaɓe hannu. Direba ya tsuguna, ya cire hula.

"Maman yara, akwai maganar da in ban faɗa ba za ta kashe ni. Ni na riƙa ba shi man kifi a ɓoye. Kwalba uku. Ashe yana hana maganin asibiti aiki. Ki yafe mini."

Ta dube shi. Sai ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya zaci kuka ne. Dariya ce, ta farko tun rasuwar.

"Wayyo Direba! Ai ƙwaya ɗaya tak ya haɗiya, ita ma ko minti biyar ba ta yi a cikinsa ba. Washegari da bakinsa ya tambayi likita, likita ya ce ya bar shi tukuna."

"To, kwalaben da yake dawo mini da su babu komai fa?"

Ta jawo wani gwangwani daga ƙarƙashin tebur, ta buɗe. Ƙarni ya cika ɗakin. Ga ɓawon ƙwayoyi a motse, kowanne da huda.

"Da basilla yake huda su ɗaya bayan ɗaya, ya matse, ya shafa wa fata. Ya ce tunda yake sana'ar nan bai taɓa samun mai da ke tausasa fata irinsa ba. Na ce ka gaya wa bawan Allahn nan gaskiya mana. Ya ce, 'Ƙyale shi. In bai ga yana yi mini wani abu ba, shi zai riga ni kwanciya.'"

Direba ya zauna daɓas a kan bencin. Ya ja numfashi mai tsawo, ya sauke.

"Ɗan banza," ya ce a hankali, yana share ido. "Allah ya jiƙanka, ɗan banza."

"Amin. Ga naka ma, su ne aikinsa na ƙarshe."

Tsofaffin takalmansa ne, waɗanda suka bushe kamar katako, ya kawo gyara tun bara ya manta. Ya zura ƙafa. Laushi kamar ya taka auduga.

"Akwai sauran abinci, in zubo maka?"

"Zubo. Ki cika kwanon."

Ya fito bakin ƙofa ya tsaya inda sawun ƙafafun bencin huɗu suka lotsa ƙasa. Wata kyanwa ta diro daga katanga, ta zagaya shi sau biyu, ta sansana takalman, ta kwanta a kan ƙafarsa ta dama. Bai motsa ba.